Kunyar Sika

Shekara tara Sika ba ta taɓa jiƙa ɗaki ba.
Ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
sai ta tsaya bakin ƙofa,
ta daki katako da ƙafa sau biyu,
ta jira ni.

Ran Talata, kafin assalatu,
na taka sanyi a falon Madam.
Na kunna fitila: ɗan tafki a kan tayil,
rawaya, da jirwayen ja a gefe,
ga Sika can ƙarƙashin tebur,
kunnuwa a kwance, idonta na gudun nawa.
Karya ce, amma ba ta iya ƙarya ba.

Na ɗaga takalmi.
Allah ya sani, na ɗaga.
Sai ta sake tsugunawa, tana karkarwa,
ta yi nishi, ta yi nishi,
ɗigo uku suka fito
kamar famfon Nima ran da aka ɗauke ruwa.
Na mayar da takalmin ƙafata.

Madam Naa Koshie tana Toronto wajen jikanta.
Ta waya ta ce, Issaka, kai ta asibiti.
Trotro uku suka wuce mu a Dzorwulu.
Yaron mota ya kalli Sika, ya kalli hulata, ya yi dariya.
Mai tasi ya ninka kuɗi, ya shimfiɗa buhu.

Dokta Tetteh ya miƙo 'yar kwalba:
fitsarin farko na safe.
Ga ni nan, shekara sittin da biyu,
da furfura a gemu,
ina bin karya a duƙe da tsohon ludayi
tsakanin furanni.
Mai gadin maƙwabta ya leƙo ta katanga,
ya ce, Alhaji, miya ce?
Na ce, in ta nuna zan aiko maka.

Ciwo ne ya shiga mafitsara.
Ƙwaya biyu kullum, kwana goma sha huɗu,
ruwa da yawa, a fita da ita duk awa biyu.
Ta farko ta tofar.
Ta biyu na cusa cikin wagashi,
ta cinye wagashin, ta bar mini ƙwayata tas.
Kan kifi ne ya yaudare ta.

Na naɗe kafet, na jingine a gareji.
Dardumata ta koma saman firij.
Wandon salla daban, na aiki daban.
In na koma gida Fuseina ta ce,
wanke har gwiwar hannu kafin ka taɓa tuwona.
Ba ta yi laifi ba.

Abin da ban faɗa mata ba shi ne
na san idon nan na ƙarƙashin tebur.
Babana, shekarar da ya rasu,
a ɗakinmu na Maamobi,
mutumin da ya shekara talatin
yana saɓa buhun koko a tashar jirgin Tema,
ya jiƙa tabarma.
Ya ja bargo ya rufe,
ya juya fuska ga bango.
Ni kuwa na yi tsaki.
Ɗaya tak, ƙarami.
Shekara ashirin ke nan, bai bar kunnena ba.

Shi ya sa yanzu in na tarar
nake ɗauko tsumma in durƙusa,
ina gogewa ina ba ta labarin tsadar gari,
ina kallon wani waje.

Dare na shida aka ɗauke wuta.
Cikin zufa da kukan sauro na ji
ƙwas, ƙwas.
Na laluba mabuɗi, na buge yatsa a kujera,
na buɗe.
Ta daɗe a gindin mangwaro, ba nishi.
Ta dawo ta shinshina ƙafar da na buge.

Kafet dai yana gareji.
Saura kwana takwas,
kuma kan kifi ya ƙare.